Gidan da Ba a Sa wa Jan Fenti Ba

A Nguru na tashi, a gidajen gwamnatin nan da kowa ke kira Kwatas, can bakin gari ta hanyar da ke fita Gashua. An gina su domin ma'aikata tun kafin a haife ni, layi-layi, kowanne ɗaki biyu da falo da ɗan tsakar gida, sai kicin da mace mai jiki ba ta iya juyawa a ciki. Baba ya samu nasa yana matashin malamin firamare. A ciki ya zama hedimasta, a ciki ya yi ritaya, ba wanda ya zo ya ce masa ya tashi. Ba kuma wanda ya taɓa zuwa ya buga ko ƙusa ɗaya. Gwamnati ta gina ta juya baya, gara da rana da ruwan sama suka ci gaba da nasu aikin.

Lokacin da aka yi mini aure aka kai ni Gashua, Kwatas ta riga ta gaji. Bangaye sun tsattsage, kwanon rufi ya yi jawur da tsatsa, famfon layinmu ya bushe har awaki ake ɗaurewa a jikinsa. Kwatar da ke bayan gidajen ta toshe, da damina sai ka tattare zani kafin ka tsallaka. In ka tari mai napep a tasha ka ce Kwatas, sai ya ɗan yi jim yana tunanin tayoyinsa.

Amma in daga waje ka tsaya, gidanmu ya fi na kowa kyan gani. Kullum da safe Baba da kansa yake share ƙofar gida har zuwa gindin bishiyar maina. Duk Sallah sai ya shafe bangon gaba da farar ƙasa. Ba ya fita sai da riga mai sitaci da hula a kafe, ko da gishiri zai sayo. Mutanen layi in sun yi rigima wurinsa suke zuwa, in za a ɗaura aure shi ne waliyyi ko wakili, rabin samarin unguwar kuwa ta hannunsa suka iya karatu. Kowa Malam Hedimasta yake ce masa, har waɗanda suka girme shi.

Ciki kuwa sai mu da muke ciki. Ɗaki ɗaya silin ɗinsa ya rufta tun ina 'yan mata, aka ja ƙofa aka sa kwaɗo, jemagu suka gaje shi. Baba ya koma kwana a falo. Ɗakin Mama shi ya rage, shi ma silin ɗin ya yi ciki kamar gindin tukunya. In hadari ya haɗo, Mama ba shanya take fara kwashewa ba, robobi take fara jerawa, da bokitai, har da babbar kwallar aurenta, kowanne da wurin da ya saba zama. Ga ta da asma. Duk damina ƙirjinta sai ya riƙe saboda danshi, ta kwana a zaune tana jan numfashi da ƙyar. Da rani ta murmure, mu ce alhamdulillahi, mu jira wata daminar.

Maigidana yana sayen shinkafa a Dagona yana kaiwa kasuwanni, ba mai kuɗi ba ne amma ba ya rasawa. Ya sha cewa in roƙi Baba ya bari ya turo kafinta. Na faɗa wa Baba, sai ya ce gidan gwamnati ne, ba a taɓa shi sai da izini. Ni da shi duk mun san ba izini ba ne. Baba ba zai taɓa yarda surukinsa ya san inda yake kwana ba, balle a ce shi ya rufa masa. Ba namijin da ya taɓa wuce falonmu, falon ma ba kowa ba.

Wata bazara labari ya zo cewa za a gyara Kwatas. Da farko ba wanda ya yarda, don an sha faɗa. Sai ga shi an kawo kwantena an ajiye a bakin layi, an ce nan ne ofishin masu aikin. Aka kuma yi bayani a masallaci cewa ba duka gidaje za a taɓa ba. Injiniyoyi za su shiga gida-gida su duba, wanda suka ga ya lalace ƙwarai su sa masa alama da jan fenti a bango, shi za a sake wa rufi da tagogi. Ranar da na ji, har rawa na taka a tsakar gidana. Na ce in dai lalacewa ake nema, mu ne na ɗaya a aji.

Sai Baba ya kira ni a waya. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka ba ya kiran sunana.

“Uwata, za mu yi baƙi jibi. Ki zo ki taya mahaifiyarki aiki. Ki taho da labulayen nan na ɗakinki, da kafet.”

Na shiga mota da ƙunshin labule a cinya, ina ta shirya maganar da zan faɗa masa. Ni ba a san ni da riƙe baki ba, a makarantar da nake koyarwa ma an san haka. Ina isa ko ruwa ban sha ba na ce, “Baba, ai lalacewar suke son gani. In muka rufe, me za su gyara?”

Ya kalle ni ta saman tabarau. “Kin san wanda zai jagorance su?”

Na ce ban sani ba.

“Yaron da na riƙe wa hannu ya rubuta baƙin farko. Ubansa ne ya kawo mini shi yana kuka, ba ko takalmi. Yau shi zai shigo ya ga tabarmar malaminsa a ƙarƙashin wannan?” Ya nuna silin da haɓa.

Na ɗaga kai. Na girma a ƙarƙashin silin ɗin nan, na daina ganinsa tun tuni. Ranar na kalle shi da idon baƙo. Na ga taswirar ruwa baƙa-baƙa, na ga tsagar bangon da hannuna ke shiga har wuyan hannu, na ga simintin daɓe ya farfashe ƙasa ta fito, na ji warin danshi da kashin jemage da hancina ya saba da shi. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, kamar ni na fasa bangon. Duk maganar da na shirya a mota ta gudu. Na ajiye jaka na kwance ƙunshin.

Mun yi aiki kamar za a kawo amarya. Baba ya cusa tsumma da yagaggen buhu a tsagar bango, ya bi da farar ƙasa. Na rataya labule daga wannan kusurwa zuwa waccan, har inda ba taga. Kafet ya rufe ramukan daɓe. Silin ne ya ba mu wahala, sai da Mama ta fito da farin zanin gadon da take ajiya, na hau kan tebur na kafe shi da ƙananan ƙusoshi, ina bugawa gari na zubo mini a ido. Da muka gama na ja baya na duba, wallahi har wani daɗi na ji. Falon ya yi kyau. Wannan jin daɗin shi ne abin da har yau in na tuna nake runtse ido.

Maƙwabciyarmu ta jikin katanga, wata Babarbariya ce da muke kira Hajja, mijinta tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Ta shigo da yamma da lafayarta, dogon lulluɓin nan nasu, tana ja, riƙe da kasko da kwalbar turaren wuta.

“Wushe, wushe da aiki,” in ji ta, sannu ke nan da Barbarci. Ta kalli labule, ta kalli zanin gadon da ke sama, ta miƙo mini kaskon. “Ga wannan, ku sa tun da safe ya kama ɗaki. Mai ƙarfi ne, ba abin da ba ya dannewa.”

Su kuwa sauran mutanen layi, akasin namu suke yi. Mijin Hajja da idona na gan shi da taɓarya yana zungurar silin ɗinsa don ya ƙarasa faɗowa. Wani tela a ƙarshen layi ya yi ta watsa wa bangonsa ruwa don ya nuna danshi, a tsakiyar bazara, lokacin da ko kare ba ya samun inuwa mai sanyi. Wata ta fito da karyayyen gado ta ajiye a tsakar gida, alhali gadon ba ruwansa da gini. Baba yana zaune a gindin maina yana kallonsu, ya girgiza kai ya ce mutane sun zubar da mutuncinsu saboda kwano.

Washegari da hantsi suka iso, su uku. Injiniyan yana gaba, dogo ne mai ɗan gemu, na biyu yana biye da shi, na ukun yana riƙe da gwangwanin jan fenti da buroshi. Injiniyan yana ganin Baba ya cire hular kwanon da ke kansa, ya tuɓe takalmi tun daga baranda, ya durƙusa har ƙasa. Baba ya ce ya hau kujera, ya ƙi. Na kawo musu kunun aya mai sanyi da soyayyen kifin tafki da dabino, na koma bayan labulen ƙofar da ke shiga ciki na tsaya. Mama tana bayana.

Suka gaisa, suka sake gaisawa. Baba ya tambayi mahaifinsa, ya tambayi 'yan ajinsu ɗaya bayan ɗaya, ya tuna masa ranar da ya ɓuya a bayan allo don tsoron allura. Aka yi dariya. Turaren Hajja ya cika falon har yana hawa kai. Can injiniyan ya gyara zama ya ce, “Allah gafarta Malam, to ya gidan? Akwai inda yake damunku?”

“Alhamdulillahi,” in ji Baba. “Sai godiyar Allah.”

Ta gefen labule na ga injiniyan ya ɗaga kai ya kalli farin zanin da ke sama. Ya ɗan daɗe yana kallo, sannan ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙwallon dabino. Abokin aikinsa ya ce, “Oga, ba za mu leƙa ciki ba?” Injiniyan ya watsa masa wani kallo. Wa zai shiga ɗakin matar malaminsa? A daidai lokacin tari ya taso wa Mama. Ta cusa mayafi a baki ta danne shi, idonta na hawaye, ɗaya hannun kuma ta riƙe gefen zanina gam, don ta san halina.

Suka yi sallama, Baba ya raka su har gindin maina. Mai fentin ya tsaya a gaban bangonmu fari tas, ya kalli injiniyan, ya wuce. A bangon Hajja ya tsoma buroshi.

Aikin bai ɗauki lokaci ba, abin da ya ba kowa mamaki. Manyan motoci suka kawo katako da shuɗin kwano. Aka ɓamɓare tsofaffin rufi, aka sa sababbi, aka canza tagogi, aka yashe kwata aka yi mata murfi, aka haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, aka kafa fitilu a layi. Ba duka ne ya yi kyau ba. Fentin wasu gidajen tun kafin masu aikin su tafi ya fara ɓarewa, ƙofar tela kuwa sai an sa mata kafaɗa take rufuwa. Amma Kwatas ta tashi, ba mai musu. Masu napep suka daina yin jim. Mata suka daina tafiya neman ruwa da jarka a ka.

A layinmu gida ɗaya ne bai samu jan fenti ba. Da na zo daga Gashua na hango shi tun daga titi, jan tsatsa a tsakiyar shuɗi, kamar giɓi a bakin yaro. Gidan da ya fi kowanne kyau ya koma wanda ya fi kowanne muni, kuma yanzu ba farar ƙasar da za ta ɓoye shi. Wata da muka yi makaranta tare ta tare ni a bakin famfo ta ce, “Ashe ku naku lafiyarsa ƙalau, shi ya sa aka tsallake ku.” Na ce mata eh, ƙalau. Na cika bokitina ban ƙara kallon kowa ba.

Ruwan farko na daminar nan da rana ya sauka, bayan azahar, da iska mai ƙarfi. Ina Gashua ina kwashe shanya Hajja ta kira ni. Ta ce in zo yanzu, silin ɗin ɗakin Mama ya faɗo, bai same ta ba, amma ƙura da ruɓaɓɓen katako sun tayar mata da ciwo, ba ta iya magana. Maigidana ya ari mota muka tafi. Ko a ranar bai wuce baranda ba, ni da Hajja muka tallafo ta. Muka kai ta asibiti a Gashua, da aka sallame ta likita ya ce kada ta koma ɗaki mai danshi. Ba inda za a kai ta sai gidana.

Wanda bai san kunyar surukai ba zai ce ai ta samu hutu. Mama ba ta cin abinci in maigidana yana gida. Ba ta fita bayi in ta ji motsinsa a tsakar gida, ko da za ta matsu. Tari ma danne shi take yi. Shi kuma bawan Allah ya koma fita tun asuba, ya ci abinci a shago, ya yi ta zama a masallaci don ya ba ta wuri. Gida ya zama kowa a takure. Mama ta rame fiye da lokacin da take asibiti. Kullum in na shiga da kwano sai ta ce, “Ki mayar da ni ɗakina. Ko a ruwan ne, ɗakina ne.” Ni kuma na san in na mayar da ita, daminar nan ba lalle ta ga ƙarshenta ba.

Na je Nguru a fusace. Na samu Baba a falo, labulayena na nan a rataye, sun sha ruwa sun yi dabbare-dabbare. Na ce masa masu aikin ba su tafi ba tukuna, kwantenarsu na nan, ya je ya faɗa wa yaron nan gaskiya. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Ya tashi ya sa babbar riga, ya kafa hula, ya fita. Ina leƙensa ta taga har ya shiga kwantenar. Ya ɗan jima ya fito.

“Baba, me ya ce?”

“Mun gaisa,” in ji shi. “Mahaifinsa ba ya jin daɗi, ƙafa ce.”

Ya cire hular ya ajiye, ya zauna yana kallon hannuwansa. Na so in yi ihu, na kuma so in durƙusa in ba shi haƙuri. Sai na ɗauki mayafi na tafi da kaina.

Injiniyan yana ganina ya miƙe. Na faɗa masa komai a tsaye, da ɗakin jemagu, da kwallar Mama, da tsumman da ke cikin bango. Ban taɓa faɗa wa wani ba, ko mijina. Ina faɗa ina jin kamar tufafina nake cirewa a kasuwa. Ya saurara kansa a ƙasa. Ya ce kayan an kawo su ne daidai gidajen da aka sa wa alama, sun ƙare, ɗan kwangila ma ya fara kwashe mutanensa. Sannan ya ce, “Wallahi Malama, na ga zanin gadon. Tun ina shiga na gani. Amma Malam ya ce alhamdulillahi a gaban yarana. Ta yaya zan ce masa ba haka ba ne?”

Muka tsaya ni da shi a cikin kwantena mai zafi, kowa na kallon ƙasa, kamar yara biyu da aka kama a bayan aji.

Bayan 'yan kwanaki wani tsohon abokin aikin Baba ya rasu a Jakusko, dole ya je ta'aziyya. Hanya ta Gashua take bi, don haka ya tsaya a ƙofar gidana. Bai shiga ba. Mama ta lallaɓo zuwa soro, ya tsaya daga waje ta tsaya daga ciki.

“Ya jikin?”

“Da sauƙi, Malam. Ya ɗakina?”

“Ana nan ana dubawa.”

Ya miƙo ledar lemo ya juya. Na raka shi tasha na ga ya hau bayan a-kori-kura da farar rigarsa, a tsakanin buhuna da masu komawa ƙauye, ya zauna a miƙe kamar yana gaban aji.

Da yammar ranar Hajja ta kira ta ce in zo Nguru gobe da sassafe, kada in faɗa wa Mama. Ban tambaye ta dalili ba, na ɗauka wani abin ne ya sake faɗowa. Baba ba kasafai yake tafiya ba, amma in zai yi, wurin mijinta yake barin makulli saboda kaji.

Tun daga bakin layi na ji ƙarar guduma. Da na matso sai na ga maza a kan rufinmu. Mijin Hajja yana ƙasa yana ba da umarni, tela yana miƙa kwano, samarin layi suna sama, injiniyan ma yana can cikin tsohuwar jallabiya yana gwada katako. Ashe lokacin da aka ɓamɓare tsofaffin rufi, kowane gida ya zaɓi kwanukan da suka fi dama ya ajiye, wani don rumfar awaki, wani don kicin. Su ne suka fito da su. Wata ma rumfar da ta riga ta kafa ta sa aka cire.

Na shiga gida. An kware rufin duka, rana ta haska ko'ina. An fasa kwaɗon ɗakin jemagu, ana kwashe kashinsu da shebur. Ɗakin Mama a buɗe ga sama, ga robobinta a jere inda ta bar su, ga katifar da ta ruɓe ta gefe ɗaya, ga tabarmar Baba da aka fito da ita daga falo ta yi baƙi. Maza goma sha wani abu suna sama suna kallon abin da muka yi shekaru muna rufewa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ban san lokacin da na cire mayafina na fara lulluɓe katifar ba.

Hajja ta riƙe hannuna. “Ke, bar shi. Wa kike ɓoye wa?”

Na ce, “Hajja, mutane na gani.”

“Yau suka fara gani? Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Duk damina ina kwance ina jin ɗigar ruwa a kwallar uwarki. Har na san in ta kusa cika, don ƙarar tana canzawa, sai in ji ta tashi ta zubar. Kina tsammani don me na kawo turaren wuta?”

Raina ya ɓaci, don kunya in ta yi mini yawa faɗa take komawa. Na ce, “Kun sani, kuka yi shiru har ta kusa mutuwa?”

Hajja ba ta yi fushi ba. Ta gyara lafayarta ta ce, “Mahaifinki shi ya ce lafiya. Mutumin da ya ɗaura auren 'ya'yana, in je in ce masa ƙarya yake? Jira muke ya yi tafiya, shi kuma ba ya tafiya.”

Kafin la'asar sun gama. Suka share tsakar gida, suka kwashe tarkace, suka mayar da robobin Mama kicin. Falo ne kawai ba su taɓa ba, sun rufe samansa sun bar labulen yadda yake. Na ce su tsaya in dafa ko shayi ne, ba wanda ya tsaya. Mijin Hajja ya miƙo mini makulli ya ce in Malam ya tambaya, shi bai san komai ba, kaji kawai ya ba ruwa.

Baba ya dawo washegari da yamma. A irin wannan lokacin layinmu cike yake, maza a kan benci, yara a bakin famfo. Ranar ba kowa. Kowace ƙofa a rufe, ko yaro ɗaya ba a bari ya fito ba. Ina tsaye a baranda na hango shi tafe da 'yar jakarsa. Ya zo gindin maina ya tsaya, ya ɗaga kai.

Rufin ba kyau gare shi ba. Wani kwanon ja, wani toka-toka, wani da tsofaffin ramukan ƙusa da aka toshe da kwalta. Akwai mai ɗigon koren fenti, kowa ya san daga gidan Hajja ya fito. Akwai mai lotsawa a tsakiya, inda tela ya daɗe yana ɗora dutse saboda iska. Baba ya yi shekaru yana zama a gindin bishiyar nan yana kallon rufin maƙwabta, ya san kowanne. Na ga idonsa yana bin su ɗaya bayan ɗaya.

Ya wuce ni ya shiga ciki. Ya leƙa ɗakin Mama, ya leƙa ɗaya ɗakin da ya rabu da shiga tun ina 'yan mata, ya dawo falo ya zauna da rigarsa da hularsa. Na kawo ruwa bai sha ba. Na zauna a bakin ƙofa ina jiran faɗa, ina ma fatan ya yi faɗan. Can ya tashi ya jawo tebur, ya tattare riga ya hau. Na ce ya bari in yi, bai kula ni ba. Ya fara zare ƙusoshin farin zanin gadon, sannan ya bi labulen yana saukewa ɗaya bayan ɗaya, tsagar bango tana fitowa da tsummanta.

“Uwata, ninke kayanki ki mayar ɗakinki.”

“Baba, bangon fa?”

“Wa ya rage bai gani ba?” Ya sauko a hankali yana dafa kafaɗata, abin da bai taɓa yi ba. “Gobe ki dawo da mahaifiyarki.”

Da aka kira magariba ya yi alwala ya fita. Ina bayan ƙofa na ji mijin Hajja ya fito shi ma, ya ce, “Malam, an dawo lafiya? Ya hanya, ya aka samu gida?” kamar ba shi ne jiya yake ba da umarni a kan rufinmu ba. Sai na ji Baba ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, “Gida ya sha ruwa, Alhaji. Ya daɗe yana sha. Allah ya rufa muku asiri.” Mijin Hajja ya ce amin, ya fara maganar tsadar taki.

Na dawo da Mama. Kwana biyu da dawowarta hadari ya haɗo da rana, ta tashi da sauri ta ɗauko kwallarta ta ajiye a tsakiyar ɗaki, inda take zama. Ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Muka zauna ni da ita a bakin gado muna kallon kwallar, ba abin da ya ɗiga. Na leƙa falo in faɗa wa Baba. Yana zaune a kan tabarma a gaban tsagaggen bangon, ba riga mai sitaci, ba hula, ya buɗe ƙofar waje har ƙarshe, duk mai wucewa a guje cikin ruwan yana iya ganin ciki. Na miƙa hannu zan tura ƙofar. Ya ce in bar ta.